NAHAWUN SINANCI TA ƘOFAR HAUSA



GABATARWA

Wanda ya taso daga nan Samaru ya bi ta Kwangila, ya leƙa Dogarawa, ya gangara kasuwar Sabon Gari, da wuya ya yi taku goma bai ci karo da kayan ƙasar Sin ba: babur, wayar hannu, injin ban ruwa, fitila, atamfa. Hulɗar ba sabuwa ba ce. Masu jari daga Hongkong ne suka kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964. Nijeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci ran 10 ga Fabrairu, 1971. Kamfanin CCECC na Sin shi ya shimfiɗa dogon jirgin Abuja zuwa Kaduna wanda aka buɗe a 2016, kuma a 2021 aka ƙaddamar da aikin na Kaduna zuwa Kano, wanda aka tsara ya ratsa ta Zariya. A 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine sarautar Wakilin 'Yan China.

Amma akwai wani abu guda da ya kamata ya dame mu. Tun 1963 gidan rediyon Sin yake watsa shirye-shirye da Hausa, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing. Watau su sun yi shekaru fiye da 60 suna jin maganarmu. Mu kuwa, in an zauna ciniki ko yarjejeniya, yawanci sai mu dogara ga tafintan da abokin cinikin ya zo da shi, ko kuwa mu haɗu a kan Turanci, harshen da ba namu ba, ba nasu ba. Kowa ya san wanda ya ba da aron kunnensa ya ba da rabin dukiyarsa.

Abin da ke hana mu shi ne tsoro, domin an ce mana Sinanci ya fi kowane harshe wuya. Wannan hukunci daga bakin Turawa muka karɓe shi, su kuwa da ma'aunin harsunansu suka auna. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, yawancin wuraren da Bature ke tuntuɓe a nahawun Sinanci, Bahaushe ya riga ya san su tun yana goye, muddin an bar shi ya shiga ta ƙofar harshensa. Zan kuma nuna wuraren da Hausa za ta yaudare shi, don kada in yi muku daɗin baki.

Tilas in yi gargaɗi tun da fari. Hausa da Sinanci ba dangin juna ba ne. Hausa ɗiyar gidan Chadi ce, cikin babban dangin da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye. Sinanci kuwa danginsa su ne harshen Tibet da na Bama. Kamar da za mu gani kama ce ta tsari, ba ta jini ba. Kuma in na ce Sinanci ina nufin daidaitaccen harshen hukuma, wanda suke kira Putonghua, aka gina shi a kan lafazin Beijing. Misalaina na rubuta su da Pinyin, watau bokon Sinanci da gwamnatinsu ta amince da shi a 1958.

1. RIGAR ARO

Littafin nahawun Sinanci na farko da Basine ya rubuta bisa tsarin zamani shi ne Mashi Wentong na Ma Jianzhong, wanda ya fito a 1898. Marubucin ya yi karatu a Faransa, ya san Latin, saboda haka sai ya yanka wa harshensa riga da awon Latin. A 1924 Li Jinxi ya rubuta na harshen yau da kullum, shi kuma ya bi sawun nahawun Ingilishi. Sai daga baya masana irin su Wang Li da Lü Shuxiang da Chao Yuen Ren suka tsaya suka dubi harshen a kan kansa.

Mu ma haka aka yi mana. Schön ya buga nahawun Hausa a 1862 da idon Bature, aka daɗe ana neman abubuwan Latin a cikin Hausa, har F. W. Parsons ya fito da tsarin giredin aikatau a 1960, Farfesa M. K. M. Galadanci kuma ya fitar da nasa littafin a 1976. Harsunan biyu duk sun sha rigar aro. Ba dalili ɗalibinmu ya sake sa wa Sinanci rigar Ingilishi kafin ya dube shi.

2. KARIN SAUTI

Abin da aka fi tsorata mutane da shi ke nan. Sinanci yana da karin sauti huɗu, da wani na biyar mara nauyi. Gaɓar "ma" in an ɗaga ta an miƙe, mā, uwa ce. In ta hau, má, rama ce. In ta nutsa ta taso, mǎ, doki ne. In ta faɗo, mà, zagi ne. Bature yakan yi watanni kafin ya yarda cewa hawa da saukar murya na iya sauya ma'anar kalma.

Bahaushe fa? Ya san kukan yaro ba kukar miya ba ce. Ya san wuyan riga daban da wuyar aiki. Ya san "kai" da ake kiran namiji da shi daban da "kai" mai ɗaukar hula. Karin sama da na ƙasa da faɗau su suka raba waɗannan, ko da yake ba ma rubuta su. Har ma mun ɗara Sinawa a wuri guda, domin mu karin sautinmu yana shiga cikin nahawu: "ya zo" na labari da "ya zo" na umurni ba su da bambanci a takarda, sai a baki.

Aikin da ya rage wa ɗalibinmu shi ne ya koyi kari mai hawa da kari mai nutso, waɗanda daidaitacciyar Hausa ba ta rarrabe kalmomi da su. Kada kuwa ya raina su. Mǎi mai nutso shi ne saye, mài mai faɗowa shi ne sayarwa. Ɗan kasuwar da ya kuskure wannan ya juya cinikinsa baya da gaba.

3. KALMAR DA BA TA SAUYA KAMA

Kalmar Sinanci ba ta da jinsi, ba ta da jam'i irin namu, aikatau kuma ba ya ɗaukar ɗafi don nuna mai aiki ko lokaci. Shū littafi ne, littattafai ne kuma. Tā shi ne "shi", shi ne "ita" a baki. Sai wajen 1920 aka ware wa mace harafinta a rubuce. Dubi waɗannan:

Wǒ kàn tā. (Ni duba shi.)
Tā kàn wǒ. (Shi duba ni.)

Ba abin da ya sauya sai mazaunin kalmomi. Wannan ne ya sa wasu suka ce wai Sinanci ba shi da nahawu. Magana ce ta wanda bai san nahawu ba sai jadawalin sarrafa aikatau. Nauyin da Larabci ya ɗora wa i'irabi, Sinanci ya ɗora wa jerin kalmomi da wasu 'yan ƙananan kalmomi masu aikin nahawu. Jerin asali kuwa irin namu ne: mai aiki, aikatau, sa'an nan abin da aiki ya faɗa wa. Wanda ya iya haddace cewa jam'in doki dawaki ne, na jirgi jirage, na ƙasa ƙasashe, a nan hutu ya samu.

4. YANAYIN AIKI

A nan ne kamar ta fi ban mamaki. Ingilishi yana tilasta wa mai magana ya nuna lokacin da aiki ya auku. Sinanci ya bar wannan ga kalmomi irin su jiya da gobe. Abin da ya dame shi shi ne yanayin aikin: ya kammala, ko ana cikinsa, ko an taɓa yinsa, ko an zauna a cikin sakamakonsa. Ga kalmomi huɗu da ke wannan aiki.

Ta farko ita ce le. Tā lái le, ya zo. Littattafan Turanci sukan sa ɗalibi ya ɗauka alamar shuɗaɗɗen lokaci ce, sai ya rikice ran da ya gan ta a maganar gobe: Míngtiān chī le fàn jiù zǒu. Bahaushe ba zai rikice ba, domin shi ma cewa yake, "Gobe in mun ci abinci sai mu tafi." Wannan "mun" ba jiya take nufi ba, kammala take nufi. Haka kuma le takan nuna an shiga sabon hali: wǒ lèi le, na gaji, wǒ bǎo le, na ƙoshi, tā lǎo le, ya tsufa. Kun ga mu ma da siga ɗaya muke faɗin zuwa da gajiya da tsufa.

Ta biyu ita ce guo. Wǒ qù guo Běijīng, na taɓa zuwa Beijing. Kalmarmu ta "taɓa" ta ɗauke ta ɗungum.

Ta uku ita ce zài. Tā zài chī fàn, yana cin abinci. Ita wannan zài ɗin ita ce kuma ke nuna wuri: tā zài jiā, yana gida. Ku lura, "yana" ɗinmu ma ayyukan nan biyu take yi. Harsunan biyu sun ɗauki mai aiki tamkar wanda ke zaune a cikin aikinsa.

Ta huɗu ita ce zhe. Mén kāi zhe, ƙofa tana buɗe. Tā zuò zhe, yana zaune. Wannan ita ce sigarmu ta zaune da tsaye da kwance da rufe.

Korewa ma bin yanayin aiki take yi. Tā méi lái, bai zo ba. Tā bù lái, ba ya zuwa, ko ba zai zo ba. Bié lái, kada ka zo. Yǒu akwai ce, méi yǒu babu. Mai Ingilishi da kalmar korewa guda ya saba. Mu kuwa mun riga mun san "bai" da "ba ya" da "kada" da "babu" kowace da gurbinta.

5. SAKAMAKO DA ALƘIBLA

Basine yakan haɗa aikatau biyu, na farko ya faɗi aiki, na biyu ya faɗi inda aikin ya ƙare. Kàn dubawa ce, kànjiàn gani. Zhǎo nema ne, zhǎodào samu. Chī ci ne, chīwán cinyewa. Haka kuma lái da qù suna nuna ko aiki ya nufo mai magana ko ya yi nesa da shi: ná lái, kawo; ná qù, kai; mǎi lái, sayo.

Wanda ya karanta giredin Parsons zai gane gida. Abin da giredi na 4 ke yi a "cinye" da "shanye", da abin da giredi na 6 ke yi a "sayo" da "fito" da "aiko", shi Sinanci ke yi da kalma ta biyu. Mu ɗafi muke liƙawa, su kalma suke jerawa, amma tunanin ɗaya ne. Ga ma'aikaci mai duba rahoton kwangila wannan ba wasa ba ne: xiū gyara ne, xiūhǎo shi ne an gyara ya gyaru.

6. KAN MAGANA DA ƘANANAN KALMOMI

Chao Yuen Ren, a littafinsa na 1968, ya nuna cewa jimlar Sinanci ta fi kama da kan magana da sharhi a kansa. Charles Li da Sandra Thompson suka faɗaɗa wannan ra'ayi a 1976. Alal misali:

Zhè běn shū, wǒ kàn guo.
Wannan littafi kam, na taɓa karanta shi.

Mu ma kullum haka muke yi: "Audu dai, ba ya jin magana." Bambancin shi ne mu mukan dawo da wakilin suna, mu ce "shi", su kuwa sukan bar gurbin fayau, mai sauraro ya cike da kansa. A nan tafinta ke shan wuya, domin jimlar Sinanci na iya zuwa ba mai aiki, ba adadi, ba lokaci, Hausa kuwa sai ta san ko "ya" ne ko "ta" ko "sun".

Sa'an nan ga 'yan kalmomin ƙarshen jimla masu nuna halin zuciyar mai magana, irin namu na fa, dai, kam, mana, kuwa. Nǐ ne? Kai fa? Zǒu ba, mu tafi mana. Nǐ qù ma? Za ka tafi ne? Littattafan Turanci sukan cika shafuka suna kewaye-kewaye a kan ne da ba. Kalma guda ta Hausa ta wadatar.

7. KALMOMIN AWO

Basine ba ya haɗa adadi da suna kai tsaye, sai ya sa kalmar awo a tsakani: sān ge rén, mutum uku, sān běn shū, littafi uku, sān zhāng zhǐ, takarda uku. Běn ta abin da aka ɗinke ce kamar littafi, zhāng ta abu mai faɗi, tiáo ta abu dogo kamar hanya ko kogi, liàng ta mota, pǐ ta doki da kuma bandir na yadi. Ge kuwa ita ce gama-gari.

Duk wanda ya taɓa ciniki a Sabon Gari ya san takarda falle uku, atamfa turmi biyu, dawa dami goma, goro ƙwarya ɗaya, lemo guda biyar. "Guda" ita ce ge, "falle" ita ce zhāng. Bambanci biyu ne kurum. A Hausa ganin dama ne a wurare da yawa, a Sinanci tilas ne. Sa'an nan jerin a juye yake: mu suna, awo, adadi; su adadi, awo, suna.

8. INDA HAUSA ZA TA YAUDARE MU

Wannan juyin shi ne babbar ƙa'idar da ɗalibinmu zai yi fama da ita. A Hausa suna ke gaba, bayaninsa na biye. A Sinanci duk abin da ke bayanin suna gabansa yake zuwa, kome tsawonsa, a ɗaure shi da kalmar de:

wǒ de shū: littafina
wǒ zuótiān mǎi de shū: littafin da na saya jiya

A misali na biyu abin da Basine ya jera shi ne "ni, jiya, saya, de, littafi". Sai ka kai ƙarshe za ka san a kan me ake magana. Haka nan lokaci da wuri gaban aikatau suke zuwa: wǒ míngtiān zài shìchǎng mǎi bù, watau "ni gobe a kasuwa saye yadi". Kalmar tambaya kuma ba ta barin gurbinta. Mu mukan jawo ta gaba mu ce, "Me ka saya?" Su sai su ce nǐ mǎi shénme, "kai saya me".

Wannan ɗabi'a ta fara da babba a ƙare da ƙarami ta game rayuwar ofis. Kwanan wata shekara ce farko, sa'an nan wata, sa'an nan rana. Adireshi in da Basine zai rubuta namu, sai ya ce Nijeriya, Jihar Kaduna, Sabon Gari, Dogarawa. Sunan gida shi ke gaba: a Zhou Enlai, Zhou ne sunan zuriya. Muƙami kuma bayan suna yake zuwa, Wáng lǎoshī, Malam Wang. Sakataren da ya kira baƙo da sunan yankansa a wasiƙar hukuma ya yi abin kunya bai sani ba.

Lissafi ya fi haɗari. Sān fēn zhī yī, wanda ya fara da uku ya ƙare da ɗaya, sulusi ne, domin cewa suke "cikin kashi uku, ɗaya". Kuma ba da dubu suke ƙirga manyan kuɗi ba, da wàn suke yi, watau 10,000. Saboda haka shí wàn, wàn goma, 100,000 ne. Yìbǎi wàn, wàn ɗari, shi ne miliyan 1. Yì kuwa miliyan 100 ce. Sifiri guda da ya ɓace tsakanin wàn da dubu ya isa ya karya ɗan kasuwa.

Tarko na ƙarshe shi ne ninki. Mànmàn sannu-sannu ce, ba gardama. Amma in Bahaushe ya ce ja-ja ko fari-fari, rage launin ya yi. In Basine ya ce hónghóng de, ƙara shi ya yi, ja wur yake nufi. Mai odar atamfa sai ya kiyaye.

Ban manta da rubutu ba. Jadawalin da hukumarsu ta fitar a 2013 yana da haruffa 8,105, daga ciki 3,500 su ne na amfanin yau da kullum. Wannan aiki ne na shekaru, ba kuwa wata gajeriyar hanya. Sai dai rubutu daban, nahawu daban, kuma al'ummar da 'ya'yanta ke haddace Alƙur'ani a allo, ta kuma riƙe ajami da boko tare, ba za a tsorata ta da hadda ba.

KAMMALAWA

Cibiyoyin Confucius na farko a Nijeriya an buɗe su ne a Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka a 2008 da Jami'ar Legas a 2009, duka a kudu, kuma littattafan da ɗalibi ke samu yawancinsu da Turanci aka yi bayaninsu. Yaron Dogarawa da zai koyi guo ta hanyar Ingilishi ya yi tafiyar kwana biyu zuwa gidan maƙwabcinsa.

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko, masana Hausa na wannan jami'a su haɗa kai da masu jin Sinanci a rubuta nahawunsa da Hausa, da misalai daga kasuwa da ofis. Zariya ce ta fi cancanta da wannan aiki, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, da kamfanin NNPC mai buga littattafai a 1966. Ta biyu, ma'aikatun da ke hulɗa da kamfanonin Sin, musamman na ayyuka da ciniki da kwastan, su horar da tafintocinsu na kansu, kada a sake sa hannu a takardar da ɓangare ɗaya kaɗai ke iya karanta kofenta biyu. Ta uku ta ɗalibai ce: ku fara ƙware nahawun harshenku. Wanda bai san abin da "taɓa" da "yana" da "sayo" ke yi a bakinsa ba, ba zai gane su ba in ya gamu da su a bakin wani.

Kakanninmu sun san sunan Sin ta hanyar Larabci tun kafin zuwan Turawa, suna ambatonta a matsayin iyakar nisan da mai neman ilmi zai iya kaiwa. Ga ta yau ta iso har bakin kasuwarmu. Abin da ya rage shi ne mu ji abin da take faɗi da kunnenmu.